Ƙwayoyi Arba'in da Ɗaya da Na Hana Asabe

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya ga abin da na yi tun kafin in ɗauki biro.

Sunana Idrisu, a unguwarmu Sa'alaba Malam Idi Direba ake ce mini. Shekara talatin da ɗaya ina jan mota a Jidda, ashirin daga ciki a gidan kafili ɗaya, wato ubangidan da ya tsaya mini, a unguwar Abhur. Karatuna bai yi nisa ba, allo ne sai aji huɗu na firamare kafin in baro gida, don haka wanda ya ga kuskure a rubutuna ya yi haƙuri. Matata Asabe ta rasu wata uku ke nan. Ciwon daji ne ya kama ta a huhu, ya bi ta har cikin ƙashi. Na rubuta wannan ne saboda duk wanda aka damƙa wa maganin majinyaci a hannu. Ni an damƙa mini, na ci amana.

Abin ya fara da tari bayan Babbar Sallah. Muka ce sanyin mukayyif ne, na'urar sanyaya ɗaki. Asabe funkaso da kunu take sayarwa a bakin ƙofarmu da safe, ba ta fasa ba. Bayan wata biyu ta fara dafa ƙugu in za ta miƙe daga gaban kasko. Maƙwabciyarmu Hajiya Kulu, wadda bango ɗaya ne tsakaninmu, ta ce sanyin ƙashi ne, ta kawo man zaitun da habbatus sauda. Wata ta ce a yi ƙaho, aka yi mata guda shida a baya. A ƙaramin asibitin unguwa suka ba ta maganin tari da na shafawa har sau biyu. Sai ranar da na ga jini a gefen mayafinta, tana ƙoƙarin naɗe shi kada in gani.

Iƙamar Asabe, wato takardarta ta izinin zama, ta daɗe da mutuwa, babban asibiti kuwa ba ya buɗe fayil ba takarda. Matar kafilina, Mama muke ce mata, ita ta yi ta buga waya har wata ƙungiyar agaji ta ɗauki nauyinmu. Allah ya saka mata da alheri, ko da yake ko a ranar da za a ɗauki hoton ƙirjin sai da na fara kai jikokinta makaranta. Safiya uku muka yi muna bin tagogi. Wannan ya ce hatimi ya rage, wancan ya ce mai hatimin ya tafi salla. Asabe tana zaune a kujerar ƙarfe, ta karkata gefe ɗaya.

Duk zamanta a ƙasar nan Larabcin ciniki kawai ta iya. 'Yarmu ɗaya da ta rayu, Hadiza, ita ce haifaffiyar nan mai Larabci kamar ruwa, amma tana aure a Madina kuma cikinta ya tsufa. Saboda haka ni ne tafintan Asabe a gaban kowane likita.

Likitan farko ya ɗora hoto a allo, ya nuna farin tabo a huhu, sannan ya nuna wasu ƙanana a ƙashin baya, da ƙugu, da dantse. Kalmarsa ɗaya ta zauna mini: intishar, wato ya bazu. Ya tambaya ko tana shan taba.

"Me ya ce?" in ji Asabe.

"Wai kina shan taba?"

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. "Ka ce masa ina sha. Shekara talatin ina sha, amma ban taɓa sayen ko kara ɗaya ba."

Ɗakinmu ɗaya ne, taga a rufe saboda mukayyif, ni kuma kwali ɗaya nake sha a rana. Na juya na ce wa likita: a'a, ba ta sha. Wannan shi ne karo na farko da na canza mata magana, kuma na ga ba wuya. Ranar na bar taba. Kwalin ƙarshe na jefa shi a aljihun mota, na zubar da karan da suka rage.

Sun gwada maganin da suke kira kimawi sau biyu, jikinta ya ƙi. Daga nan aka tura mu wurin wata likita 'yar Sudan, wadda aikinta rage wa majinyata zogi. Dakta kawai muke ce mata. Mace ce mai natsuwa, takan ja kujera ta zauna kusa da majinyaci. Ta yi mini bayani dalla-dalla. Ga ƙwaya, ɗaya da safe ɗaya da yamma, kowace tana aiki awa goma sha biyu. Ga na ruwa a kwalba, in ciwon ya taso a tsakani a ba ta cokali nan take. Ga na sakin ciki, don ƙwayar tana ɗaure ciki. Ta ce kwanakin farko za ta yi barci da yawa, zai wuce. Sunan maganin morfin.

A tagar karɓar magani aka karɓi iƙamata, aka rubuta lambarta, na sa hannu a takarda biyu. Mai ba da maganin ya ce in kula, wannan yana cikin abubuwan da hukuma ke ƙirgawa. Duk direba a Jidda ya san abin da ake yi wa wanda aka kama da ƙwaya a mota. Na fito da leda a hannu ina waige-waige kamar ɓarawo.

Kwana uku na farko na ba ta daidai. Rana ta biyu ta yi barci tun hantsi, Azahar ta wuce, La'asar ta wuce. Da na tashe ta ta dube ni da ido rabi a buɗe, ta kira ni da sunan ƙanenta da ya rasu tun muna gida.

A nan tsoro ya shige ni, kuma dole in faɗi asalinsa. Yayana Hamisu a wani asibitin garin nan ya rasu shekara tara da suka wuce. Kwana biyar yana kwance ana ɗura masa allurai, ina raɗa masa kalmar shahada a kunne, ko leɓensa bai motsa ba. A wurin zaman makoki na ji wani dattijo yana cewa, "Allah sarki, ko kalma bai samu ba." Ni ma daga baya na faɗi haka da bakina. Mu da muka baro gida muka tsufa a nan, ba fili, ba gida, ba fansho, abu ɗaya muke ta tanadi: kyakkyawan ƙarshe kusa da ɗakin Allah. Na rantse a raina Asabe ba za ta tafi a buge ba.

Rana ta huɗu na sa wuƙa na raba ƙwayar biyu. Rabi da safe, rabi da yamma. Wadda ta ragu kowace rana in saka ta a tsohon kwalin tabar nan da ke mota. Kwalbar na ruwa kuwa ban ko ɓalle murfinta ba, ita ma na kai ta mota, don kada Asabe ta sha ba na nan.

Abin da ya biyo baya ya ƙara ɓatar da ni. In ta sha rabin sai ta yi luƙus kamar awa biyu, harshe ya yi nauyi, sannan ciwon ya dawo da ƙarfinsa. Na ce a raina, ka gani, rabi ma yana bugar da ita, ina ga guda.

Sati na biyu muka koma wurin Dakta. Tana da tambaya ɗaya da ba ta fashi: in babu ciwo sifili ne, in ciwon da ya fi kowane goma ne, yau nawa ne? Na fassara wa Asabe.

Ta ce, "Takwas."

Na ce wa Dakta, "Arba'a," wato huɗu.

Dakta ta ce alhamdulillah, maganin yana aiki, a ci gaba a haka. Ta ce akwai gashi da ake yi wa ƙashi da haske in ciwon ya yi tsanani, amma tunda huɗu ne a jinkirta, layin yana da tsawo, akwai waɗanda suka fi ta buƙata. Asabe tana kallon takalminta. Na tura kekenta muka fito.

Sati na uku Hadiza ta haihu, namiji. Ta kira ta waya mai hoto tana nuna jaririn. Kafin in miƙa wa Asabe na rufe wayar da tafin hannu na ce, "Mai jego ce. Kada ki tayar mata da hankali nono ya ɗauke." Ta goge fuska, ta gyara ɗankwali, ta ce wa 'yarta da sauƙi, ciwon baya ne irin na tsufa. Har ta yi wa jaririn waƙa. Da aka kashe wayar ta cusa gefen matashi a baki.

Tun daga satin nan ta daina kwanciya ta baya. Ta daina kwanciya ta dama. Ta koma zama a jingine da matasai uku, in ta yi tari sai ta riƙe haƙarƙari da hannu biyu kamar za su zube. Cinya ta rame, fuska ta zama ido kawai. Abinci cokali biyu. Da yamma in na dawo daga Abhur, abin da take fara ce mini shi ne, "Malam, lokaci bai yi ba?"

"Saura awa ɗaya."

"Agogon nan naka na Larabawa ne, sai ya ga dama yake tafiya."

"Ki yi haƙuri. Ke ce fa aka sani da dauriya. Haihuwa huɗu, ko maƙwabta ba su ji muryarki ba."

"Haihuwa tana ƙarewa, Malam."

"Ciwo kankarar zunubi ne."

"To ashe na fi kowa zunubi a Sa'alaba."

Na ce ta yi istigfari. Ta yi.

Masu dubiya suna zuwa ranar Juma'a, kowa da shawararsa. Wani ya ce zuma da ruwan Zamzam, wani ya ce akwai mai magani a unguwar Bagdadiyya da ya warkar da wata 'yar Nijar, wani ya ce a mai da ita gida. Ni kuma in zauna a bakin ƙofa ina alfahari. "Matar nan ko maganin asibitin ba ta cika sha ba, tawakkali kawai." Su ce masha Allah. Asabe tana jin mu daga ciki.

Hajiya Kulu ce kaɗai ta tare ni. Wata safiya ina goge gilashin mota ta fito da tsintsiya a hannu.

"Malam Idi, kai da kake wuni a Abhur kana shan iskar teku, ka san abin da nake ji ta bangon nan?"

"Ciwo ne, Hajiya, sai haƙuri."

"Na yi jinyar uwata, na yi ta mijina. Wannan ba kukan mai shan magani ba ne. Ina maganin yake in riƙa ba ta?"

"Likita ta ce ni kaɗai zan riƙe. Da lambar iƙamata aka ba da shi."

Ta dube ni daga hula har takalmi. "Iƙama," in ji ta. Ta koma ciki.

Sati na uku da na huɗu a gaban Dakta Asabe ta ce tara, na ce arba'a. Sati na biyar, wata Talata da rana, ina zaune a mota a bakin wani babban kanti ina jiran Mama ta gama sayayya, waya ta yi ƙara. Na ɗauka, ba magana, sai numfashi. Can ta ce, "Malam, kwalbar nan. Don girman Allah ka zo da kwalbar nan."

Kwalbar tana gabana, in na miƙa hannu zan taɓa ta. Daga inda nake zuwa gida bai fi minti arba'in ba, kuma da na roƙi Mama da ta bar ni. Na ce, "Ina kan aiki. Ki yi ta salati, yanzu zai lafa." Na kashe wayar. Sai ga Mama ta fito, ta ce yalla, na buɗe mata ƙofa, na kai ta shan gahawa gidan ƙawarta. Na jira a waje awa biyu.

Shekara talatin da takwas muna tare, Asabe ba ta taɓa haɗa ni da girman Allah a kan wani abu ba sai ranar.

Sati shida da fara raba ƙwayar, ranar Juma'a, Hadiza tana hanya daga Madina, ko arba'in ba ta jira ba, mijinta ya sako ta a motar haya da jaririn. Na dawo daga masallaci, aka kira La'asar, na tarar Asabe ta zame daga matasan tana salla a kwance da ido. Na ce ba za ta karɓi 'yarta a haka ba, ta tashi zaune ko raka'a ɗaya ce. Ta ce ba za ta iya ba. Na ce za ta iya, shaiɗan ne. Na kama dantsenta na hagu na jawo.

Na ji ƙarar a tafin hannuna kafin in ji ta a kunne, kamar an taka busasshen kara. Hannun ya lanƙwashe a inda ba gaɓa. Ihun da ta yi, Hajiya Kulu ta shigo ba mayafi. Matar da ta haihu sau huɗu ba a ji ta ba, ranar har masu shago a bakin titi sun ji.

A asibiti Hadiza ta same mu, da jariri a kafaɗa da jaka a hannu. Ta tsaya a bakin gadon tana kallon uwarta, ba ta gane ta ba da farko. Ta juyo gare ni.

"Baba, wannan ne ciwon baya? Wannan ne da sauƙi?"

Washegari da safe Dakta ta zo. Ta ja kujera kamar kullum, ta yi tambayarta. Asabe ta ce, "Goma." Na buɗe baki, Hadiza ta riga ni: "Ashara."

Dakta ta buɗe fayil. Huɗu, huɗu, huɗu. Ta ce daga huɗu zuwa goma ba karaya kaɗai ba ce, yaya ake ba ta maganin? Ta tambayi Hadiza, Hadiza ta tambayi uwarta da Hausa. Asabe ta juya fuska bango, ta ce, "Ku tambayi Malam."

Na faɗa. Wuƙar, da rabin, da kwalbar da ba a buɗe ba, da lambobin. Abu ɗaya na ɓoye: da ta tambayi inda ragowar ƙwayoyin suke, kunya ta sa na ce na zubar.

Dakta ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga. Ta ce, "Ya Hajj, ƙwayar nan an yi mata riga ne don ta riƙa sakin magani kaɗan-kaɗan har awa goma sha biyu. Da ka raba ta, ka yaga rigar. Duk maganin ya zubo mata lokaci ɗaya, shi ya sa take luƙus, sannan ya ƙare ya bar ta awa goma ba komai. Buguwar da kake tsoro kai kake haɗa ta da wuƙarka." Ta ce da na faɗi gaskiya tun sati na biyu da an yi mata gashin, wataƙila da an ga dantsen nan kafin ya karye. Sannan ta tambaye ni dalili. Na ba ta labarin Yaya Hamisu da kalmar shahada.

Ta ce, "Ni ma musulma ce, ya Hajj. Na zauna a kan mutane da yawa a ƙarshensu. Wanda ciwo ke ci ba ya iya haɗa kalma biyu. Da ka tambaye ni."

Da ka tambaye ni. Sau uku na zauna a gabanta, minti ɗaya ya isa.

A baranda Hadiza ta tsaya a gabana, Hausarta tana karyewa kamar kullum in ranta ya ɓaci. "Haram alaik, ya Baba. Kai ka sa mata hayaƙi, kai ka hana ta dawa, maganinta, kai ka karya ta. Kana so ta shiga Aljanna, sai ka fara sa ta a wuta? Halas. Daga yau ba ka taɓa maganinta." Ta miƙo hannu. Na je mota na ɗauko kwalbar, ta yi zafi da rana, na ba ta. Kwalin tabar na bar shi a inda yake.

Kwana tara aka riƙe Asabe. Aka ɗaure hannun, aka yi mata gashi sau ɗaya a baya da ƙugu, aka ƙara maganin ya kai yadda ya kamata. Ma'aikatan jinyar ɗakin, Allah ya biya su, sun fi ni tausayi, ko da yake sai an danna ƙararrawa sau uku suke zuwa. Kwana biyun farko ta yi ta barci, ina zaune ina kallon bakinta, tsohon tsoron yana taso mini. Rana ta huɗu ta farka sarai. Ta ce a ba ta kunun gyaɗa. Ta ce a ɗora mata jaririn a cinya, ta dube shi ta ce kunnuwan kakansa ne, Allah ya sa kada ya gaji taurin kan. Da aka kira Azahar ta yi taimama, ta yi salla a jingine, a natse, har da dogon tasbihi. Da ta shafa addu'a ta ce wa Hadiza, ba ni ba, "Rabona da in kai ƙarshen Fatiha ba tare da na ɓace ba, sati shida ke nan."

Ina tsaye a bakin labule. Sallar da na ce ina tsare mata, ni na ƙwace ta.

Muka dawo gida. Hadiza ta manna takarda a bango da lokutan magani, ta rataya makullin akwatin maganin a wuyanta. In ciwon ya taso a tsakani, cokali ɗaya, cikin rabin awa ya lafa. Asabe ta yi kwana ashirin da uku a haka. Ta koya wa Hadiza kwaɓin funkaso daga kan gado, tana yi mata tsiya wai 'yar Madina ba ta san yis daga gishiri ba. Ta yi hira da Hajiya Kulu. Ni kuma tana amsa gaisuwata, tana ce mini a dawo lafiya, shi ke nan.

Wata Laraba da hantsi ta ce a kira mata mutane. Ta nemi gafarar Hajiya Kulu, ta yafe mata. Ta kira 'yan'uwanta na gida a waya ɗaya bayan ɗaya. Ta yafe wa Hadiza, ta sa mata albarka. Da ɗakin ya rage mu biyu na durƙusa a gaban gadon, gwiwoyina suna ƙara.

"Asabe, ki yafe mini."

Ta ce, "Tabar na yafe tun tuni. Ba ka sani ba ka yi."

"Da sauran."

"Malam, ni fa mai sayar da funkaso ce. Shekara nawa ina ba Larabawa canji? Arba'a ce ban sani ba, ko ashara?"

Ta ci gaba:

"Tun ranar farko na ji ka. Na ce ba zan ƙaryata mijina a gaban baƙuwa ba. Na ce zai ji tausayina da kansa, gobe zai faɗi gaskiya. Sau uku ina ba ka dama." Ta numfasa. "Ranar da na kira ka a waya, kwalbar tana ina?"

"Tana gabana."

"Na sani. So nake in ji ka faɗa." Ta rufe ido. "Wannan kam bari in huta tukuna. Gobe ka sake tambayata."

Washegari Alhamis ce, ranar karɓo magani, kuma da iƙamata ake bayarwa. Na fita da sassafe tana barci, na ce in na dawo zan tambaye ta. Layi ya yi tsawo, na'urarsu ta tsaya, ban dawo ba sai bayan Azahar. Hadiza ta tare ni a ƙofa. Ta ce wajen ƙarfe goma uwarta ta farka, ta sha maganinta cikakke, ta ce a juya ta gabas. Ta yi kalmar shahada sau uku, da muryarta, Hajiya Kulu ma ta ji. Sannan ta koma barci.

Ba ta sake farkawa ba. Dakta ta riga ta gaya mana barcin ƙarshe na ciwon ne, ba na magani ba. Kwana biyu ina zaune a gefenta ina cewa, "Asabe, gobe ta yi." Ranar Asabar da hantsi ta cika. Kalmar da na azabtar da Asabe sati shida don in ji, ta faɗe ta da magani a jikinta, ni kuma ina layi.

Na kai maganar wurin limamin masallacinmu. Ya ce neman sauƙin ciwo ba ya rage wa mumini lada, kuma haƙƙin wani ba limami ke yafe shi ba. Ya ce in yi ta yi mata addu'a da sadaka. Ina yi. Hadiza ta koma Madina, tana kira ranar Juma'a, tana nuna mini yaron, ba ma wuce minti uku.

Ga abin da zan ce wa wanda jinya irin wannan ta faɗo masa. In majinyacinka ya ce goma, ka ce goma. Kada ka raba ƙwaya, kada ka rage, kada ka ƙara, sai ka tambayi wanda ya rubuta ta, kuma abin da kake tsoro ka faɗe shi a gabansa ko da kana ganin za a yi maka dariya. Wanda ciwon ya shiga ƙashinsa kada ka ja shi ta hannu. Kada ka yabi dauriyar mutum alhali maganinsa yana aljihunka. Haƙurin da za a ba shi lada a kai nasa ne, ba kai za ka auna masa ba.

Sati biyu da suka wuce Mama ta ce a wanke motar ciki da waje. Ina kwashe tarkacen aljihun mota sai ga kwalin tabar. Na san dokarsu, ragowar irin wannan magani mayarwa ake yi. Na kai shi tagar da na saba. Wani saurayi ne a wurin, ba wanda na sani ba. Ya karɓi iƙamata, ya duba sunan Asabe a na'ura, ya yi mini ta'aziyya. Ya zazzage ƙwayoyin a faranti yana turawa da ɗan ƙarfe, biyu-biyu. Arba'in da ɗaya. Kowace ɗaya awa goma sha biyu ce.

Ya ɗago ya yi mini murmushi, yana so ya sanyaya mini rai. Ya ce, "Masha Allah, ya Hajj, duk wannan ya ragu? Ashe Hajiya ba ta sha wahala sosai ba."

Na ce masa, "Ashara."

Ya ce a'a, arba'in da ɗaya ne, ya sake ƙirgawa a gabana. Na sa hannu a takardar, na ba na bayana wuri.